psql: Yadda ake tambayar rumbun bayanai da sarrafa shi ta hanyar rubuta umarni

Rumbun bayanai shi ne ma'ajiyar da kwamfuta ke tsara bayanai a cikinta, ta yadda za a iya nemo su, a ƙara musu, a gyara su, ko a goge su ba tare da sun cuɗe da juna ba. Bankuna da asibitoci da jami'o'i da hukumomin gwamnati duk a kan irin waɗannan rumbuna ayyukansu suka dogara. Yawancin ma'aikata ta fuskar wata manhaja mai maɓallai da hotuna suke mu'amala da rumbun, amma waɗanda aka ɗora wa alhakin kula da shi sun fi yin magana da shi kai tsaye, ta hanyar rubuta umarni a wata taga da ba ta nuna komai sai rubutu. Ɗaya daga cikin sanannun manhajojin da ake wannan aiki da su ita ce psql, wadda ke zuwa tare da rumbun PostgreSQL.

Asali da tarihi

A shekarar 1970 wani masanin lissafi ɗan asalin Ingila mai suna Edgar Codd, wanda ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya wallafa maƙalar da ta kawo tsarin ajiye bayanai a cikin jadawaloli masu alaƙa da juna. A 1974 wasu ma'aikatan kamfanin su biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka fito da harshen da za a riƙa yi wa irin wannan rumbu tambaya da shi. Da farko SEQUEL suka kira shi, daga baya sunan ya koma SQL. Hukumar daidaita ma'auni ta Amurka ta amince da shi a 1986, ta duniya kuma a 1987.

Shi kuwa PostgreSQL ya samo asali ne daga aikin binciken da Farfesa Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, mai suna POSTGRES. A tsakiyar shekarun 1990 ɗalibai biyu, Andrew Yu da Jolly Chen, suka sanya masa harshen SQL, aka sake shi da sunan Postgres95, sannan a 1996 ya karɓi sunan da yake da shi a yau. Kyauta ake samunsa, kuma babu wani kamfani guda da ya mallake shi. Masu sa kai da ma'aikatan kamfanoni daban-daban daga ƙasashe da dama ne ke raya shi. Duk shekara akan fitar da babban sabon zubi guda ɗaya, a kuma ci gaba da yi wa kowane zubi gyare-gyare har tsawon shekara 5.

Rumbun ba baƙo ba ne a Najeriya. Manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke tattara alƙaluman cibiyoyin lafiya da ita, a kan PostgreSQL take ajiye bayananta. Haka ma taswirar nan ta duniya ta OpenStreetMap.

Dalilin fifita rubuta umarni

Dalili na farko shi ne sau da yawa babbar kwamfutar da rumbun ke ciki tana wani gari ko wata ƙasa, ba ta da allo balle linzami, sai dai a shige ta daga nesa ta hanyar rubutu. Na biyu, rubutu ba ya cin data mai yawa, don haka aiki kan yiwu ko da intanet ɗin na jan ƙafa. Na uku, umarnin da aka rubuta ana iya adana shi a fayil, wani ya duba shi, a kuma maimaita shi gobe daidai yadda aka yi yau. Danne-dannen linzami ba su barin irin wannan sawu. Na huɗu, ana iya tsara kwamfuta ta riƙa gudanar da umarnin da kanta a wani lokaci na dare, ba sai mutum na zaune a gabanta ba.

Ya kamata a bambance abubuwa biyu tun daga farko. PostgreSQL shi ne rumbun da ke riƙe da bayanai, yana aiki dare da rana a babbar kwamfuta. Ita kuma psql ɗan aike ce kawai: takan ɗauki umarni ta kai wa rumbun, ta dawo da amsa ta nuna a allo. Rufe psql ba ya kashe rumbun, kuma mutane da yawa na iya shiga rumbu ɗaya a lokaci guda daga wurare daban-daban.

Shiga rumbun

A kwamfutar da ke aiki da Ubuntu ko Debian, umarnin `sudo apt install postgresql-client` zai girka psql, `sudo apt install postgresql` kuma zai girka rumbun gaba ɗaya. A Windows, manhajar girka PostgreSQL na zuwa da ita da sunan SQL Shell. Umarnin `psql --version` zai nuna zubin da ke kan na'urar.

Kafin a shiga ana buƙatar abubuwa huɗu: adireshin kwamfutar da rumbun yake, lambar mashigarsa, sunan mai shiga, da sunan rumbun. Ga yadda ake jera su:

`psql -h localhost -p 5432 -U magatakarda -d hukumomi`

Harafin h na nuna adireshi, kuma kalmar `localhost` na nufin rumbun yana kan wannan kwamfutar da ake zaune a gabanta. Harafin p na nuna mashiga, kuma 5432 ita ce lambar da PostgreSQL ke amfani da ita idan ba a sauya ba. Babban U sunan mai shiga ne, d kuma sunan rumbu. Idan aka nemi kalmar sirri, ba za ta bayyana a allo ba yayin da ake buga ta. Hakan ba matsala ba ce, da gangan aka yi.

Bayan an shiga, alamar da ke farkon layi na ɗauke da labari. Idan ta nuna `hukumomi=>` to mai shigar yana da iyakantaccen iko. Idan ta nuna `hukumomi=#` to mai cikakken iko ne, wanda babu ƙofar da ke rufe gare shi. Idan kuma ta koma `hukumomi->` to psql na jiran a ƙarasa umarnin da aka fara, galibi saboda an manta da waƙafi mai ruwa, wato alamar `;` da ke rufe kowane umarnin SQL. Wannan mantuwa ce ta fi rikita masu koyo, domin sukan zaci manhajar ta tsaya cak, alhali saurare take yi.

Umarni iri biyu

Abin da ake rubutawa a psql ya kasu gida biyu. Kashi na farko umarnin SQL ne, wanda ake aika wa rumbun. Kashi na biyu gajerun umarni ne na psql kanta, waɗanda ke farawa da sanda mai karkata baya, kuma ba su buƙatar waƙafi mai ruwa. Ga waɗanda aka fi amfani da su:

- `\l` na jero dukkan rumbunan da ke wurin.
- `\c suna` na sauya sheƙa zuwa wani rumbu.
- `\conninfo` na faɗin rumbun da ake ciki, da sunan da aka shiga da shi, da adireshin kwamfutar.
- `\dt` na jero jadawaloli.
- `\d suna` na nuna tsarin jadawali guda: ginshiƙansa da irin bayanin da kowanne ke karɓa.
- `\du` na jero masu izinin shiga.
- `\x` na juya sakamako mai faɗi ya koma a tsaye, don ya karantu a ƙaramin allo.
- `\timing` na nuna lokacin da kowane umarni ya ɗauka.
- `\e` na buɗe manhajar rubutu don gyara dogon umarni.
- `\i fayil` na gudanar da umarnin da ke cikin fayil.
- `\r` na share abin da aka fara rubutawa ba a aika ba.
- `\?` na bayanin waɗannan gajerun umarni, `\h` kuma na bayanin na SQL.
- `\q` na fita.

Idan sakamako ya fi allo tsawo, psql kan nuna shi shafi-shafi. Danna harafin q zai mayar da mutum wurin rubutu. Idan kuma umarni ya daɗe bai ƙare ba, danna Ctrl tare da C zai katse shi.

Gina jadawali da zuba bayanai

A ɗauka ana son ajiye jerin ƙananan hukumomin Najeriya 774. Jadawalin zai kasance da ginshiƙai a tsaye, da layuka a kwance, kowane layi na wakiltar ƙaramar hukuma ɗaya:

`CREATE TABLE kananan_hukumomi (lamba integer PRIMARY KEY, suna text NOT NULL, jiha text NOT NULL, hedikwata text);`

Wannan ya ce lamba cikakken adadi ce, kuma ita ce mabuɗin jadawalin, ma'ana layuka biyu ba za su taɓa ɗaukar lamba ɗaya ba. Suna da jiha rubutu ne da ba za a bari babu komai a wurinsu ba. Hedikwata ana iya barinta sai an samu. An rubuta sunan jadawalin da k mara ƙugiya ne domin sauƙin bugawa a kowane irin madannai. Bayanan da ke ciki kuwa ana rubuta su da cikakkiyar ƙa'idar Hausa. Zuba layi ɗaya kuma haka yake:

`INSERT INTO kananan_hukumomi VALUES (1, 'Ƙanƙara', 'Katsina', 'Ƙanƙara');`

Ba a zuba layuka 774 ɗaya bayan ɗaya. Idan jerin na cikin fayil na CSV, irin wanda Excel ke fitarwa, umarni guda ya isa:

`\copy kananan_hukumomi FROM 'hukumomi.csv' WITH (FORMAT csv, HEADER)`

Idan komai ya tafi daidai amsar za ta zama `COPY` tare da adadin layukan da suka shiga. Idan layi ɗaya ya saɓa wa ƙa'idar jadawalin, misali lambarsa ta yi karo da wadda ke ciki, aikin gaba ɗaya zai tsaya, babu layin da zai shiga, kuma za a faɗi inda matsalar take. Akwai bambanci tsakanin `\copy` da `COPY`: na farko yana karanta fayil daga kwamfutar mai rubutu, na biyu kuma daga babbar kwamfutar da rumbun yake, kuma yana buƙatar izini na musamman.

Ga ginshiƙin kuɗi, nau'in `numeric(12,2)` ya dace, domin yana riƙe naira da kwabo daidai. Nau'o'in `real` da `double precision` ƙiyasi suke yi, kuma ɗan kuskuren da suke bari kan taru idan lissafi ya yi yawa. Ga lokaci kuma akwai `timestamptz`, sannan umarnin `SET TIME ZONE 'Africa/Lagos';` zai sa a riƙa nuna shi da agogon Najeriya.

Yin tambaya

Kalmar SELECT ce uwar tambayoyi. Bayanta akan faɗi ginshiƙan da ake so, FROM ta faɗi jadawali, WHERE ta kafa sharaɗi, ORDER BY kuma ta tsara sakamako:

`SELECT suna FROM kananan_hukumomi WHERE jiha = 'Jigawa' ORDER BY suna;`

Wannan zai dawo da layuka 27. Idan ƙidaya ake so, sai a tara layukan rukuni-rukuni:

`SELECT jiha, count(*) FROM kananan_hukumomi GROUP BY jiha ORDER BY count(*) DESC LIMIT 3;`

Amsar ita ce Kano 44, Katsina 34, Oyo 33. Kalmar DESC ce ta sa aka faro daga mafi yawa, LIMIT kuma ta taƙaita amsar ga layuka uku.

Ƙarfin wannan tsari na fitowa ne idan aka haɗa jadawaloli. A ce akwai jadawali na biyu mai suna `cibiyoyi`, wanda kowane layinsa cibiyar lafiya ce, kuma yana da ginshiƙin `lambar_hukuma`. Ba sai an maimaita sunan ƙaramar hukuma da jiharta a kowane layi ba. Kalmar JOIN za ta ɗinke su a lokacin tambaya:

`SELECT k.suna, count(*) FROM cibiyoyi c JOIN kananan_hukumomi k ON k.lamba = c.lambar_hukuma WHERE k.jiha = 'Jigawa' GROUP BY k.suna;`

Wurin da ba a cike ba ana kiransa NULL, kuma yana da hali na daban. NULL ba sifili ba ne, ma'anarsa ba a san abin da ke wurin ba, don haka ba a kwatanta shi da alamar daidai. Wanda ya rubuta `WHERE hedikwata = NULL` ba zai samu ko layi ɗaya ba, kuma ba za a sanar da shi ya yi kuskure ba. Daidai shi ne `WHERE hedikwata IS NULL`.

Haruffan Hausa a cikin rumbu

Akwai matsaloli uku da masu ajiye bayanan Hausa ke cin karo da su. Ta farko ta haruffa masu ƙugiya ce: ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Sai rumbun da psql da tagar umarnin duk suna kan tsarin UTF-8 kafin su fito daidai. Umarnin `\l` zai nuna tsarin kowane rumbu, `\encoding` kuma ya nuna wanda psql ke kai. A Windows umarnin `chcp 65001` kan mayar da tagar kan UTF-8. Wajen adana fayil daga Excel kuma, a zaɓi nau'in CSV UTF-8. Idan aka zaɓi CSV na gama-gari, haruffan kan koma alamar tambaya tun kafin su iso rumbun, kuma babu umarnin da zai dawo da su.

Ta biyu ita ce a wurin kwamfuta k da ƙ haruffa ne mabambanta. Idan wani ma'aikaci ya rubuta Ƙanƙara, wani ya rubuta Kankara, neman ɗaya ba zai fito da ɗayan ba, kuma ƙidaya za ta raba gari ɗaya gida biyu. Kalmar ILIKE na kawar da bambancin babban harafi da ƙarami ne kawai. Don a kama duka biyun akan cire ƙugiyar a lokacin nema:

`WHERE translate(suna, 'ɓɗƙƴƁƊƘƳ', 'bdkyBDKY') ILIKE 'kankara'`

Ta uku ta alamar hamza ce. A SQL wannan alama ce ke buɗe rubutu ta kuma rufe shi, don haka suna kamar Jama'are ta jihar Bauchi zai sa rumbun ya zaci rubutun ya ƙare a tsakiya. Maganin shi ne a ninka alamar: `WHERE suna = 'Jama''are'`. Haka kuma hamza miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiyar da Word ke sakawa ba ɗaya ba ne a wurin rumbun, duk da kamannin da suke yi a ido. Hukumar da ta tsayar da ƙa'idar rubutu guda tun kafin a fara shigar da bayanai ta hutar da kanta daga dogon aikin tsefewa.

Gyara da gogewa

A nan haɗarin yake. A yadda psql ke zuwa, duk umarnin da aka aika yana tabbata nan take, ba a tambayar mutum ko ya tabbata, kuma babu kwandon shara da za a je a tsinto abin da aka goge. Umarni a wannan taga tamkar magana ne, zarar bunu. A duba wannan:

`UPDATE kananan_hukumomi SET hedikwata = 'Oguma' WHERE suna = 'Bassa';`

Mai rubutun na nufin Bassa ta jihar Kogi, wadda hedikwatarta ke Oguma. Amma amsar za ta zo `UPDATE 2`, domin akwai wata Bassa a jihar Filato, kuma ita ma an sauya ta. Haka Obi take a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo. Shi ya sa ake kafa sharaɗi da lamba maimakon suna. Da kuma an manta da WHERE gaba ɗaya, amsar za ta zama `UPDATE 774`, kowace ƙaramar hukuma a ƙasar ta koma da hedikwata a Oguma. Umarnin DELETE ma haka yake: idan babu WHERE, yakan share jadawalin kakaf.

Kariya biyu ce masu kula da rumbu suka saba da ita. Ta farko, a fara gwada sharaɗin da SELECT a ga layukan da zai taɓa. Ta biyu, a dunƙule aikin tsakanin BEGIN da COMMIT:

`BEGIN;`
`UPDATE kananan_hukumomi SET hedikwata = 'Oguma' WHERE suna = 'Bassa' AND jiha = 'Kogi';`
`COMMIT;`

Bayan BEGIN, duk abin da aka yi na wucin gadi ne, kuma sauran masu amfani da rumbun ba sa ganinsa. Idan adadin layukan da aka faɗa ya dace da zato, COMMIT ya tabbatar da aikin. Idan bai dace ba, ROLLBACK ya mayar da komai yadda yake. A sababbin zubi alamar farkon layi kan nuna tauraro, wato `=*>`, muddin dunƙulen na buɗe, ta kuma nuna alamar motsin rai idan wani umarni a ciki ya gaza. A PostgreSQL har goge jadawali da DROP TABLE ana iya warware shi idan cikin dunƙule aka yi, amma goge rumbu da DROP DATABASE ba ya shiga dunƙule, kuma ba ya warwaruwa. Wanda ke son wannan kariya ta zama dindindin zai iya sanya `\set AUTOCOMMIT off` a fayil ɗin `.psqlrc`, wanda psql ke karantawa duk lokacin da ta tashi.

Wannan tsari na da amfani inda wuta da intanet ke yawan yankewa. Idan layi ya katse kafin COMMIT, rumbun zai watsar da rabin aikin da kansa. Idan kuwa an riga an yi COMMIT, aikin ya shiga kundin da rumbun ke rubutawa a faifai kafin ya amsa, kuma daga wannan kundi yake farfaɗowa bayan ɗaukewar wuta. Sai dai kada a buɗe dunƙule a tafi a bar shi, domin yana riƙe da layukan da ya taɓa, kuma duk mai son gyara su zai yi ta jira.

Izini da tsaro

Ba kowane ma'aikaci ne ya kamata ya shiga da cikakken iko ba. Wanda aikinsa haɗa rahoto ne, izinin karatu ya ishe shi:

`CREATE ROLE mai_rahoto LOGIN;`
`\password mai_rahoto`
`GRANT SELECT ON kananan_hukumomi TO mai_rahoto;`

Amfanin `\password` shi ne kalmar sirrin ba ta shiga fayil ɗin `.psql_history`, inda psql ke adana abin da aka rubuta. Kalmar REVOKE ce ke janye izini, `\dp` kuma na nuna wanda ke da izinin me. Don ayyukan da kwamfuta ke yi da kanta, akan ajiye kalmar sirri a fayil ɗin `.pgpass`, kuma a Linux ba za a yi amfani da shi ba sai an kulle shi da `chmod 600`, ta yadda mai shi kaɗai ke iya karantawa. Fayil ɗin `pg_hba.conf` na babbar kwamfuta shi ke tantance wanda zai shigo da kuma daga ina. Idan ta intanet ake shiga, saitin `sslmode=verify-full` na ɓoye abin da ke wucewa, ya kuma tabbatar da cewa kwamfutar da aka isa ita ce ta gaskiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan fanni tsagar kan zama kalmar sirri guda da ofis gaba ɗaya ke amfani da ita.

Lamarin na da ɓangaren shari'a. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, ta kuma wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan. Fitar da jadawalin sunaye da lambobin waya zuwa fayil aikin daƙiƙa kaɗan ne da `\copy`, amma da zarar fayil ɗin ya fita, izinin da aka tsara a rumbun ba ya bin sa.

Kwafin ko-ta-kwana

Tare da psql akwai wasu manhajoji na ɗaukar kwafi, waɗanda ake kira daga tagar umarni ta kwamfuta, ba daga cikin psql ba:

`pg_dump -Fc -d hukumomi -f hukumomi.dump`
`createdb gwaji`
`pg_restore -d gwaji hukumomi.dump`

Na farko na ɗaukar hoton rumbun kamar yadda yake a lokacin da aka fara, ba tare da hana wasu aiki ba. Na biyu da na uku na gina sabon rumbu su zuba kwafin a ciki. Shi pg_dump ba ya ɗaukar jerin masu izinin shiga. Wannan aikin `pg_dumpall --globals-only` ne. Haka kuma yakan ƙi aiki idan babban zubinsa ya girmi na rumbun a shekaru.

Abin da ya faru da kamfanin GitLab a ranar 31 ga Janairun 2017 ya zama darasi a wannan fanni, kuma kamfanin da kansa ne ya wallafa bayaninsa. Wani injiniya da ke ƙoƙarin gyara rumbu na biyu ya rubuta umarnin gogewa a tagar babban rumbun bisa kuskure, bayanai kimanin gigabayit 300 suka tafi. Da aka koma ga kwafin pg_dump sai aka tarar ba ya nan, domin tsohon zubi na 9.2 ne ke ta ƙoƙarin kwafar rumbun 9.6 yana gazawa ba tare da kowa ya lura ba. An farfaɗo ne da wani hoto da aka ɗauka kimanin sa'o'i 6 kafin lamarin, kuma abin da aka shigar a rumbun cikin waɗannan sa'o'i ya salwanta. Abu biyu ake koya daga nan: a tabbatar da kwamfutar da ake ciki kafin kowane umarni mai haɗari, kuma a riƙa gwada zuba kwafin a rumbun gwaji lokaci-lokaci. A kuma ajiye shi a wata na'ura, a wani gini daban.

Idan rumbu ya yi nauyi

Tambayar da ke ɗaukar lokaci ana binciken ta da EXPLAIN, wadda ke nuna hanyar da rumbun zai bi. Idan ta nuna `Seq Scan` a kan jadawali mai miliyoyin layuka, to layi-layi ake bi har ƙarshe. Fihirisa kan magance hakan, kamar `CREATE INDEX ON cibiyoyi (lambar_hukuma);`, sai dai kowace fihirisa na cin wuri, tana kuma ɗan rage saurin shigar da bayanai. A kula cewa EXPLAIN ANALYZE gudanar da umarnin take yi da gaske, don haka idan da UPDATE ko DELETE za a gwada ta, a sa ta tsakanin BEGIN da ROLLBACK. Tambayar `SELECT pid, state, query FROM pg_stat_activity;` na nuna masu aiki a rumbun a wannan lokaci, `pg_cancel_backend` kuma na katse tambayar da ta maƙale.

Don gudanar da fayil ba tare da an zauna a gaban allo ba, akan rubuta `psql -d hukumomi -1 -v ON_ERROR_STOP=1 -f gyara.sql`. Idan ba a sa waɗannan zaɓuɓɓuka ba, psql kan wuce umarnin da ya gaza ta ci gaba da na gaba, a ƙare da rabin aiki. Idan aka sa su, ko dai fayil ɗin ya gudana duka, ko kuma kada komai ya sauya.

Saƙonnin kuskure da aka fi gani

Saƙon `connection refused` na nufin rumbun ba ya aiki, ko adireshi ko mashigar ba daidai ba ne. `password authentication failed` na nufin suna ko kalmar sirri ba su dace ba. `relation does not exist` na nufin ba a ga jadawalin ba, galibi don an shiga wani rumbu daban, ko an ƙirƙiri sunan da manyan haruffa cikin alamar zance, alhali PostgreSQL na mayar da duk sunan da ba a sa wa alamar ba zuwa ƙananan haruffa. `permission denied` rashin izini ne. `current transaction is aborted` na nufin wani umarni ya gaza a cikin dunƙule, kuma ba za a karɓi wani ba sai an yi ROLLBACK.

Takwarorinta

Kusan kowane rumbu na da irin wannan manhaja. MySQL, wanda ya fito daga Sweden a 1995 kuma yanzu yake hannun kamfanin Oracle, yana da `mysql`, mashigarsa 3306, kuma `SHOW TABLES;` ke jero jadawalolinsa. SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000 kuma yake cikin wayoyin Android da iPhone, yana da `sqlite3`. Rumbunsa fayil guda ne, gajerun umarninsa kuma da ɗigo suke farawa, kamar `.tables` da `.schema`. SQL Server na Microsoft yana da `sqlcmd`. Jigon harshen SQL ɗaya ne a cikinsu duka, amma halayensu sun bambanta. A MySQL, misali, DROP TABLE ba ya warwaruwa da ROLLBACK.

Mai son koyo ba ya buƙatar babbar kwamfuta ko lasisi. Ya girka PostgreSQL a kwamfutarsa, ya gina rumbun gwaji da bayanan da ba na kowa ba, kamar jerin ƙananan hukumomin jiharsa, ya saba da SELECT har hannunsa ya faɗa, sannan ya koyi BEGIN da ROLLBACK da pg_dump kafin a ba shi izinin taɓa rumbun ofis.